Lamba Sittin a Ɗakin Gwajin Jini

Yaran da suke zuwa shagona koyon gyaran kwamfuta, da zarar na ambaci lambar na'ura sai su hau murmushi. Wani ma ya taɓa ce min, "Mama, ai wannan ba aiki ba ne. Ka soka waya, ta kama, shi ke nan." Ban yi masa gardama ba, domin a zamaninsu haka abin yake. Sai dai abin da kwamfuta take yi musu yanzu cikin ƙiftawar ido, a da mu muke yin sa da hannu, kuma idan hannun ya kuskure, wani lokacin ba na'ura kaɗai take shan wahala ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta musu yadda muka yi, tun ina iya tunawa.

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na haifi 'ya'ya uku sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Gyaɗi-Gyaɗi, na koyi karatu da rubutu, na ɗan tsinci Turanci. Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da takarda. Kowa yana son a buga masa fasta, kowa yana son wasiƙa mai tambari, masu hali kuma sun fara tambayar yadda ake aika saƙo ƙasar waje ta kwamfuta. A lokacin ne maigidana ya yarda na kama aikin hoton takardu a shagon wani mutumin Kudu, Oga Festus, can bayan titin Gidan Zu. Aikina danna maɓalli da jera takarda. Amma bencin gyara yana kusa da ni, ni kuma ina da kallo. Wata rana Oga ya ga ina leƙen abin da yake yi, sai ya miƙo min sukudireba ya ce, "Maman Walida, kallo ba ya kwance noti. Riƙe."

Aikin farko da ya ba ni shi ne haɗa wayar siriyal. Siriyal wata kafa ce a bayan kwamfuta mai ƙananan allurai tara, ta nan ake jona modem, wato na'urar aika saƙo ta wayar tarho, da wasu injina, saƙo yana bi ɗaya bayan ɗaya kamar awaki a ƙofar garke. Za ka fere wayoyin, ka riƙe ƙarfen narka dalma, ka liƙa kowace a allurarta. Idan kwamfuta biyu za su yi magana da juna, sai a gicciya ta biyu da ta uku, ta biyar kuma a bar ta a mazauninta. Na ƙona yatsa, na ƙona gefen mayafi, na liƙa wayoyi a baibai har Oga ya gaji da dariya. Kayan aikinmu ba su da yawa: mita ta awon wuta, sukudireba manya da ƙanana, tsohon burushin haƙori na share datti, da fayafayan fulofi da muke ɓoyewa cikin gwangwanin madara saboda zafi. Na daɗe a kan waya kafin a bar ni in taɓa abin da yake cikin kwamfutar.

Abin da yake cikin, ga yadda Oga ya fahimtar da ni. Kwamfutocinmu wani babban shiri da ake kira Linux muke sa musu, kuma a can ƙasan komai akwai abin da ake kira kanel, ita ce mai raba wa kowa aiki. Kowane kati, wato ɗan allon da ake sokawa cikin kwamfuta don ta yi aiki da wata na'ura, yana buƙatar ɗan shirin da ya san harshensa, shi ake kira direba. Kanel ba ta bin suna, lamba take bi. Kowace kafa tana da lamba biyu, babba da ƙarama. Babbar kamar lambar gidan haya ce, ita take nuna wane direba ne mai gidan. Ƙaramar kuwa lambar ɗaki ce a cikin gidan. Idan wani shiri yana son magana da na'ura, sai ya ba kanel lambobin nan, ita kuma ta kai shi ƙofar, ba ta tambayar wa yake nema. Gida ɗaya kuma mai gida ɗaya. Direban da ya fara tashi ya ce lamba kaza tawa ce, an ba shi. Wanda ya zo daga baya da wannan lambar, sai a ce masa akwai mutum, ya koma.

Kada ku ɗauka mu muke rubuta direbobin nan daga farko. Ina! Katunan gwanjo ne ake kawo mana daga Ikko, wasu ko kwali babu, wasu da fulofin da ya zo da rubutun direban. Namu shi ne mu buɗe rubutun, mu gyara abin da bai dace da kanel ɗinmu ba, mu sa masa lamba, mu bar kwamfuta ta harhaɗa shi, muna addu'ar kada a ɗauke wuta a tsakiya. Akwai 'yan lambobin da aka ware don irin wannan aikin na gida, kowa ya zaɓi wadda ya ga dama. Oga Festus kullum ta farkonsu yake ɗauka, wato sittin. Bai taɓa ce mana dole ba ne. Mun dai ga yana sa sittin, muka riƙa sa sittin, kamar yadda yarinya take ɗaura zani ta ɓangaren da ta ga uwarta tana ɗaurawa.

Doka ɗaya ce ya kafa da bakinsa, ita ce ba a buɗe aikin ɗan'uwa. Kafin zuwana an taɓa yin rigima a shagon, yara biyu kowa yana cewa ɗayan ne ya taɓa masa aiki ya lalace, har aka kai ga cin kwala. Tun daga nan Oga ya ce wanda ya fara aiki shi zai gama, shi zai koma idan an kira, kowa ya tsare idonsa. Shi kaɗai yake duba na kowa. Idan ya ga aiki biyu za su haɗu a kwamfuta ɗaya, sai ya canja wa ɗaya lamba ba tare da ya yi magana ba. Mu ba mu ma san yana yi ba.

Sai mummunar shekara ta zo. Gari ya rikice na wani ɗan lokaci, hankalin baƙi ya tashi, Oga ya kwashe iyalinsa ya tafi garinsu, ya ce sai abin da hali ya yi. Ya bar shagon a hannun mu biyu, ni da Sani. Sani ya girme ni a sana'a, ni na girme shi a shekaru, to kun ga zaman sai a hankali. Masu kawo aiki suka ja baya. Wasu ranakun tun safe har la'asar ba mai shigowa sai mai tallan gyaɗa. Ba mu yi faɗa ba, amma kowa ya kama nasa kwastomomin, kuma muka riƙe dokar Oga gam, har ma fiye da lokacin da yake nan.

Aikin ɗakin gwajin jini a Tarauni a wannan shekarar ya zo min. Wani likita ne mai ɗan ƙaramin asibiti ya sayo na'urar ƙidayar jini ta hannu, yana son sakamako ya riƙa shiga kwamfuta kai tsaye a buga wa mara lafiya. Na'urar ta zo da katinta na daban, tsohon yayi. Na sha fama da direbansa, na sa masa sittin, na gwada, sakamako ya fito tsaf. Matar da take aikin safe a ɗakin, Madam Comfort, har da tafa min. Mutuniyar Kudu ce amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa karin magana. Tana cikin waɗanda ba su tafi ba, don ta ce ba ta san inda za ta je ba.

Bayan wani lokaci aka aiko min cewa abin ya daina yi. Ni kuma ba na samun fita aikin waje sai na ɗauko yara daga makaranta na ɗora tukunya, saboda haka bayan la'asar na je. Na tarar da mai aikin yamma, Malam Nura, janareta yana ta ruri a waje. Muka gwada, komai lafiya. Na ce wa Likita ban ga matsala ba, na tafi. Aka sake kira, na sake zuwa da yamma, na sake cewa lafiya lau. Abin da na gani ke nan, shi na faɗa.

Ran nan ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai ga sallama. Madam Comfort ce, da jakarta a hammata. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa ta ƙi sha.

Ta ce, "Maman Walida, ke kika ce wa Likita na'ura lafiyarta ƙalau?"

Na ce, "Haka na gani, Madam."

Ta ce, "To ya ce ni ce matsalar. Wai a hannun Nura tana yi, a hannuna ba ta yi, don haka ko dai ban iya ba ko ina danna abin da ba a ce in danna ba. Kullum da hannu nake kwafe sakamako, mutane sun yi layi har baranda suna tsaki. Ya ce in wata ya ƙare in nemi wani wurin. A wannan garin, a wannan shekarar, wa zai ɗauke ni? Yarana biyu suna makaranta."

Na tambaye ta ko ta lura da wani abu. Ta ce ta lura, ta kuma faɗa, aka yi mata dariya. Idan akwai wutar gari ba ta yi, idan an tayar da janareta tana yi. Ta ce Likita cewa ya yi, "Madam, na'urar da take ƙin aiki in an kawo wuta? Wannan sabon karatu ne." Kuma shi da kansa yakan zauna a kwamfutar da safe ya aika saƙonninsa ba tare da wata matsala ba.

Na ce, "Saƙo? A wannan kwamfutar? Ai ba ta da modem."

Ta ce, "Tana da shi mana. Yaron shagonku ne ya zo ya sa, dogon nan mai hula a karkace."

Washegari na bar wa maƙwabciyata yara na tafi da sassafe. A lokacin, wannan ɓangaren na Tarauni da safe ake ba su wuta, wajen azahar a ɗauke. Na tarar fanka tana juyawa. Na kunna kwamfutar na zuba ido kan rubutun da yake gudu yayin tashi, har na hango direbana ya nemi lambarsa an ce masa akwai mutum. Na tambayi kanel wa yake riƙe da sittin, ta nuna min wani suna da ba nawa ba. Na leƙa ƙarƙashin tebur. Ga wani akwati mai kafofi da yawa, wayarsa ɗaya ta shiga kwamfuta, modem yana jone a jikinsa, filoginsa kuma yana can a soket ɗin bango, wanda layin janareta bai kai gare shi ba.

Daga nan abin ya fito fili. Da safe akwatin yana da wuta, direban Sani ya tashi da wuri ya karɓe sittin, nawa ya rasa wuri. Shirin gwajin jini ya je lamba sittin kamar kullum, kanel ta kai shi ƙofar modem, ya tsaya yana jiran sakamakon jini daga abin da bai san jini ba. Da an ɗauke wuta kwamfutar takan mutu, a sake kunna ta da janareta. A lokacin akwatin ba wuta, direban Sani ya duba bai ga kayansa ba ya janye, nawa ya samu gidan babu kowa. Ba hannun Comfort, ba hannun Nura.

A nan take zan iya gyarawa. In koma sittin da ɗaya, in sake harhaɗawa, in sabunta ƙofar da shirin gwajin jini yake bi, kafin azahar an gama. Ban yi ba. Na rufe na ce wa Comfort ta ƙara haƙuri, na nufi shago.

Na samu Sani yana cin ɗanwake a bakin benci. Na ce, "Malam Sani, akwai aikinka a asibitin Tarauni?"

Ya ɗago. "Anti Rabi, kin buɗe min aiki ne?"

Na ce, "Ban buɗe ba. Kanel na tambaya, ita ta ba ni sunanka. Sittin ka sa?"

Ya ce, "To me zan sa? Ke nawa kika sa?"

Na ce, "Sittin."

Ya ajiye cokalin. Sani ba ya rasa kaifin kai, nan da nan ya gane. Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "To ai sai ƙarami ya matsa. Ni na riga ki shiga shagon nan, ni ke da sittin. Ki koma gaba."

Na ce, "Ni na riga ka shiga kwamfutar, amma ba komai, zan matsa. Lamba ba gado ba ce. Abin da ya kawo ni daban ne. Ina so ka raka ni gobe da safe mu nuna wa Likita yadda abin yake faruwa, sannan in gyara."

Ya ce, "Mu nuna masa? Mu ce ga shi mun yi karo da juna kamar makafi? Haba Anti! Oga ba ya nan, masu zuwa shagon nan kin san ba su taka kara sun karya ba. Ki lallaɓa ki gyara, in an tambaya ki ce bairos ne, cutar kwamfuta. Kowa ya huta."

Na ce, "Kowa ban da Madam Comfort. An ce ta tafi ƙarshen wata. In na gyara a ɓoye, gobe na'ura ta kama aiki a hannunta, me Likita zai ce? Zai ce da ma ta iya, sai da ta ji kora ta nutsu. Ko ya bar ta, ya bar ta da tabo. Ko kuma ya ce ya riga ya yanke."

Ya ce, "Ni na ce a kore ta?"

Na ce, "Ba kai ka ce ba, ba ni na ce ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da ci, ni kuma na koma kan injin hoton takardu. Har muka rufe shago bai ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban ƙara ba. Na dai aika wa Malam Nura cewa don Allah ya daure ya zo da safe.

Ku da kuke koyo, ga abin da nake so ku riƙe a nan. Idan matsala ta tsaya a kan na'ura, gyara ta ka tafi, ba wanda yake bin ka bayani. Idan kuwa ta riga ta sauka a kan mutum, gyara kaɗai ba ya ɗauke ta. Sai an sa ta ta faru a gaban wanda ya yi zargin, a hannun wanda ba a zarga ba. Da ka gyara, shaidar ta tafi, ba kuma za ta dawo ba.

Da safe na isa asibitin, ina cire takalmi a ƙofar ɗakin sai na ji ƙarar babur. Sani ne, da jakar kayan aikinsa. Bai kalle ni ba, ya ce, "Na zo duba modem ɗina ne."

Na roƙi Likita ya ba mu ɗan lokaci. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da abin awon ƙirji a wuya. Na ce Malam Nura ya zauna ya yi gwaji yadda ya saba. Comfort ta koma gefe ta harɗe hannu. Nura ya sa jini a na'ura, ya danna, muka jira. Allon kwamfuta bai motsa ba. Ya sake dannawa. Ya goge tafin hannunsa a wando ya ce, "Wallahi Likita, jiya da yamma ta yi."

Likita ya ce, "Sake."

Ya sake. Shiru.

Ina shirin buɗe baki sai Sani ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur. Ya zare filogin akwatinsa daga bango ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce a kashe kwamfutar a kunna. Aka yi. Nura ya danna, sakamako ya zubo. Sani ya mayar da filogin, aka sake kunnawa, abin ya sake ƙi. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Ranka ya daɗe, akwatina ne da katin Anti suke rigimar lamba ɗaya. In akwai wutar gari nawa yake ci, in babu nata. Ko kai ka zauna a nan da safe haka za ta yi maka. Daga shagonmu ne."

Likita ya dubi filogin, ya dubi fankar da take juyawa. Ya tambaya ko zai gyaru, na ce yanzu ma kuwa. Na zauna na mayar da nawa sittin da ɗaya, Sani yana tsaye a kaina yana karanta rubutuna, karo na farko tun da muka san juna, har ya nuna min wani layi ya ce, "Wannan fa?" na ce, "Bar shi, haka ya zo." Muka kunna da akwatin a jone. Jini ya shiga, modem ya yi kukansa, kowa a gidansa.

Likita ya shafa gemu. Ya juya wajen Comfort ya ce, "To, Madam. Maganar ƙarshen wata, a bar ta."

Ba ta ce ta gode ba. Ta ɗauki safar hannunta daga aljihu tana sawa a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ta zo ta tsaya a kan mai aikin yamma ta ce, "Malam Nura, tashi ka ba ni wuri. Mutane suna jira."